Darasi: Yadda Ake Rubuta Takardar Rantsuwa

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan takarda ɗaya ce tak, takardar rantsuwa. Na zaɓe ta ne don ita za ku fi rubutawa a shekararku ta farko a ofishin lauya, kuma a cikinta ne sabon lauya ya fi tona wa kansa asiri. Kusan duk buƙatar da aka shigar gaban Babbar Kotu, neman beli ne ko neman a dakatar da gini, da ita take tafiya. Ku da aka turo daga Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bwari don koyon aiki a kotunan Suleja, ku leƙa ofishin rajistara, da wuya ku buɗe fayil ba ku same ta ba. Abin da za mu koya shi ne raba abin da ya faru da abin da lauya yake so alƙali ya fahimta daga abin da ya faru.

Ƙa'ida

Ku buɗe Dokar Shaida ta 2011, sashe na 115. Abubuwa biyu kawai ya yarda su shiga takardar: abin da mai rantsuwa ya sani da kansa, da abin da aka gaya masa ya kuma gaskata. Ya hana huɗu: ƙorafin adawa, roƙo, muhawarar doka, da yanke hukunci a kan al'amari. Idan kuma mai rantsuwa jiyau ne ba ganau ba, dole ya ambaci sunan wanda ya gaya masa, da lokaci, da wuri, da halin da aka yi maganar.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Takardar rantsuwa shaida ce da aka zuba a rubuce, tana tsayawa a madadin mutumin da zai shiga akwatin shaida. A shari'ar Bamaiyi da Gwamnati, a 2001, Kotun Ƙoli ta ba mu ma'aunin da za mu yi aiki da shi yau. A taƙaice, a ɗauki kowane sakin layi a tambaya: wannan magana ta bakin shaida ce, ko ta bakin lauya ce sa'ad da ya miƙe yana ƙoƙarin shawo kan alƙali? In ta lauya ce, ba ta da mazauni a nan, kuma kotu na iya soke ta.

Gwaji

Ga misali irin wanda ba ya yankewa a garin nan, tun da ma'aikatan Abuja suka sa fili ya yi daraja. Wani ya sayi fili a Kwamba, ya biya, ya tafi neman kuɗin gini. Da ya dawo sai ya tarar wani ya zuba yashi ya fara tona harsashi. Ya zo ofis ransa a ɓace, sabon lauya ya ɗauki biro ya rubuta masa waɗannan. Da Turanci ake rubutawa a Babbar Kotu, amma mu auna su da Hausa, ciwon ɗaya ne.

Na 1: Na biya wanda ake ƙara na ɗaya kuɗin filin a gaban shaidu biyu, ya ba ni rasit, ga shi na maƙala.
Na 2: Wanda ake ƙara na ɗaya macuci ne, ya yaudare ni.
Na 3: An gaya mini ya sake sayar da filin.
Na 4: Cinikin na biyu haramtacce ne a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa.
Na 5: Ina roƙon kotu ta hana mai tona harsashin ci gaba da gini.

Na 1 ya tsira, shaida zai iya faɗarsa. Abin da ya rage a sa rana da wata da shekara, da adadin kuɗin, a kuma ba rasit ɗin lamba don alƙali ya same shi ba tare da lalube ba.

Na 2 shi ne wanda mai ƙara ya fi so, kuma shi ne mafi rashin amfani. Cuta da yaudara hukunci ne, alƙali ne zai kai ga wannan, ba mai ƙara ba. Aikinku a nan shi ne ku kwance kalmar ku ga me ke cikinta. Ku tambaye shi, Alhaji, me ya yi har ka kira shi macuci? Zai ce ya karɓi kuɗina ranar kaza, ya ce zai kawo takardun asali bayan sati biyu, bai kawo ba, na kira shi ya daina ɗauka, na je gidansa ban same shi ba. To ga sakin layi huɗu nan, kowanne da ranarsa, kuma babu wanda lauyan ɗaya ɓangaren zai iya nema a soke. Alƙalin da ya karanta su a jere zai kai inda kuke so da ƙafarsa. Mai ƙara zai yi gunaguni cewa kun cire masa gishirin magana. Ku ba shi haƙuri, kada ku mayar.

Na 3 gurgu ne, amma yana gyaruwa. Wa ya gaya maka? Dillalin. Yaushe? A ina? Sai a rubuta cewa dillali wane ya shaida mini ranar kaza da misalin ƙarfe huɗu na yamma a shagonsa, kuma na gaskata shi. In dillalin zai yarda ya yi tasa rantsuwar, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na 4 da na 5 kuwa ɓatan hanya suka yi. Roƙo yana kan takardar buƙata, muhawarar doka tana cikin rubutaccen jawabin lauya.

Inda doka take zama

A rubutaccen jawabi ne za ku saki jiki, amma shi ma da tsarinsa: tambayar da kotu za ta amsa, dokar da ta shafe ta, ɗora dokar a kan abin da aka rantse a kai, sannan amsa. Mataki na uku ne ɗalibai suke tsallakewa. Sai ka ga an jero shari'u goma, shafi uku, ba a ce uffan ba game da filin Kwamba. Shari'a ɗaya da aka nuna yadda ta hau kan sakin layi na 6 da na 7 na takardar rantsuwa ta fi wannan tarin.

Misali, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce mai riƙe da haƙƙin mallakar da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya rushe cinikin da ya saɓa. Shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 ita ake fara ambata a nan. Amma ku yi hattara, wuƙar tana da baki biyu: kafin ku kai hari kan cinikin na biyu, ku duba ko naku mutumin ya sami amincewar. Ku kuma tabbatar da inda filin yake. Madalla da Zuba maƙwabta ne, amma Madalla tana Jihar Neja, takardarta a Minna take, Zuba kuwa tana Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin minista. Sakin layin da ya bayyana wurin fili sama-sama yana iya kai ku kotun da ba ta da hurumi.

Ƙasan takarda

Wannan ɓangare gajere ne, amma yana kashe ƙara. Sashe na 112 na Dokar Shaida ya hana a yi rantsuwar a gaban lauyan mai rantsuwa, ko abokin aikinsa, ko akawunsa, don haka sai a je wurin kwamishinan rantsuwa. Idan mai rantsuwa bai iya karatu ba, sashe na 119 ya ce a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa, an fassara masa da harshen da yake ji, kuma ga alama ya gane. A garin da Bahaushe da Bagwari da Bakoro suke shigowa ofis ɗaya, ku ambaci harshen da sunan tafinta kafin a dangwala yatsa.

Takardar buƙata da jawabi kuma lauya ne zai sa hannu da sunansa na kansa. A shari'ar Okafor da Nweke, a 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu saboda an sa musu hannu da sunan kamfanin lauyoyi, alhali kamfani ba ya cikin rajistar waɗanda aka rantsar a matsayin lauyoyi.

Aikin gida

Kowa ya rubuta takardar rantsuwa ta neman belin wani ɗan acaɓa da ake tsare da shi a gidan gyaran hali na Suleja, yayansa ne mai rantsuwa. Kada ta wuce sakin layi 15. Ku lura, yayan bai ga kamun ba, labari aka kawo masa. A gefen kowane sakin layi ku rubuta ganau ko jiyau da fensir. Ranar Litinin za ku yi musayar takardu, kowa ya zama lauyan gwamnati a kan ta maƙwabcinsa, ya nemo abin da zai roƙi kotu ta soke.