INA FARTANYA TAKE A CIKIN ƘWAƘWALWA?

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina so mu tattauna wani abu da ya shafi aikinmu na koyarwa, ko da yake asalinsa daga wajen likitoci ya fito. Idan manomi ya ga fartanya, nan da nan ya san sunanta, ya san amfaninta, hannunsa kuma ya san inda zai kama. Mu a ganinmu sani ɗaya ne. Ashe ba haka ba ne, ƙwaƙwalwa rarraba shi ta yi, ta ajiye a wurare dabam dabam.

A cikin shekara ta 1900 wani likita Bajamushe, Hugo Liepmann, ya ba da labarin wani babban ma'aikacin gwamnati da aka kwantar asibiti a Berlin, ana tsammani hankalinsa ya gushe, domin in an ba shi abu sai ya yi ta shirme da shi. Likitan ya lura da hannun dama yake shirmen. Da aka riƙe wannan hannu, sai ga na hagu yana yin abin da aka ce. Watau mutumin yana ji, ya kuma gane, hannun ma bai shanye ba. Hanyar da sanin ke bi ya isa hannun ce ta yanke. Wannan ciwo shi ake kira afraksiya. Daga baya Liepmann ya nuna galibi rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke kawo shi.

A Ingila kuwa, a 1984, Elizabeth Warrington da Tim Shallice sun bayyana waɗansu marasa lafiya da suka rasa sanin dabbobi da tsirrai, amma na kayan aiki yana nan da sauransa. An kuma sami waɗanda abin ya zo musu akasin haka.

Sa'ad da aka sami na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, sai magana ta ƙara fitowa fili. A 1996 Alex Martin da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wa mutane lafiyayyu hotunan dabbobi da na kayan aiki, suka ce su faɗi sunayensu. In kayan aiki ne, sai wani wuri a hagu ta gaba ya motsa, wurin nan da ke shirya motsin hannu, alhali kuwa mutumin yana kwance, bai taɓa kome ba. Ni dai wannan shi ya fi ba ni mamaki. Tuna sunan guduma kaɗai ya isa ya ta da wurin da ke shirya bugu da ita.

A shekarar nan dai, Atsushi Iriki a Japan ya koya wa birai jawo abinci da ɗan manjagara. Ya tarar waɗansu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu lura da kewayen hannu sun faɗaɗa lurarsu har bakin manjagaran, kamar hannun ne ya ƙara tsawo.

To, mu da za mu koyar da noma da sana'ar hannu fa? A ganina, yaron da ya haddace amfanin zarto daga allo rabin sanin ya samu. Sauran rabin sai an danƙa masa zarton da katako. Don haka ban yarda da malamin da ke kulle kaya a sito don tsoron kada su ɓace ba, sa'an nan ya zana su da alli.

Ga abin da za ku gwada in kun fita koyon koyarwa. Ku rubuta gatari, zarto, guduma. Ku tambayi yara waɗanne biyu ne aikinsu ɗaya. Za su ce gatari da zarto, domin duka suna raba itace. Sa'an nan ku tambaye su waɗanne biyu ne ake motsa hannu iri ɗaya da su. Amsa ita ce gatari da guduma. Ku dubi hannuwan yaran kafin su buɗe baki, ku ƙirga nawa ne suka ɗaga hannu suna sara a iska.