Naɗa wakili tun kana da lafiya

Ƴan uwa manoma, bayan girbi samarin Illela da Ƙonni da Malbaza suna tafiya bida Abijan ko Libiya, su bar tsofaffi a gida. In maigida ya kwanta a asibitin Galmi, bakinsa ya rufe, wa zai amsa wa likita? Wa zai sayar da albasa a sayi magani?

Ku zaɓi amintacce tun yanzu. A rubuta sunansa da iyakar abin da zai yi. A ganina, kada sayar da gona ya shiga ciki. Shaidu biyu su sa hannu, a buga hatimi a ma'aikatar magajin gari. Wakilci yana ƙarewa ranar rasuwa. Daga nan sai rabon gado.