Guzurin Mai Fasaha: Nasiha ga Baƙon Kilomita Biyar

Ya kai ɗan'uwa da ka sauka a Bangui, ka yada zango a unguwar Kilomita Biyar, inda kakanninmu fatake suka kafa kasuwa da masallaci tun zamanin mulkin Faransa, in Allah Ya hore maka wata baiwa ta hannu ko ta harshe, kamar dukanci, ko zayyana, ko waƙa, ko ɗaukar hoto, to ka sani akwai gidaje a ƙasashen duniya da ake saukar da masu fasaha, su zauna wata biyu ko uku suna aikinsu a natse, suna cuɗanya da takwarorinsu. Daga cikinsu akwai Cité internationale des arts da aka buɗe a Paris a 1965, da Bandjoun Station wanda Barthélémy Toguo ya gina a yammacin Kamaru, da Black Rock na Kehinde Wiley a Dakar tun 2019. Sai dai gayyata daban, guzuri daban, domin sau da yawa mai gayyata ɗaki da wurin aiki kaɗai ya yi alkawari, sauran ɗawainiya kuwa tana wuyanka.

Saboda haka abin da ya fara wajaba a kanka, tun kafin ka nemi taimakon kowa, shi ne hisabi. Ka rubuta kuɗin jirgi daga filin M'Poko zuwa da komowa, da na fasfo da biza da katin rigakafin shawara, da inshorar lafiya wadda ƙasashen Schengen suka sharɗanta ta kai ta Yuro 30,000, da abinci, da kayan aiki, da ladan dakon abin da ka ƙera. Ka yi lissafin da sefa da Yuro, kowane Yuro guda a kan sefa 655.957, domin farashin a tsaye yake. Sa'an nan kada ka manta da nafakar iyali da hayar rumfarka ta kasuwa, domin babu wata hukuma da za ta tuna maka da su, alhali kuwa su ne farilla, tafiyar tana matsayin nafila.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa kuwa, mafi kusa ita ce Alliance Française ta Bangui, inda ake samun labarin shirye-shiryen Institut français, kuma inda aka horar da samari masu shirya fim tare da Ateliers Varan, har ɗayansu, Rafiki Fariala, ya kai fim ɗinsa bikin fina-finai na Berlin a 2022. In tafiyarka a cikin Afirka ce, Art Moves Africa tana biyan kuɗin sufuri ga masu fasaha mazauna nahiyar. Asusun Prince Claus na Amsterdam, wanda aka kafa a 1996, yakan ba matasa 100 kyautar Yuro 5,000 kowannensu a shekara, wato sama da sefa miliyan 3. Ƙungiyar On the Move kuma tana tattara sanarwar irin waɗannan tallafi a intanet. Amma ka karanta sharuɗɗa da idon basira, domin wani asusun ɗan ƙasa yake nufi, wani kuwa mazaunin ƙasa, kai kuma mai yiwuwa fasfon Nijar ko na Najeriya ke aljihunka. Don haka ka sabunta takardar zamanka, ka san da wace hujja za ka shiga.

Takardar neman ita ce wakiliyarka a gaban mutanen da ba su taɓa ganinka ba, kuma galibi da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta, saboda haka ka nemi wani ɗalibin Jami'ar Bangui ya gyara maka harshe, ba tare da ya sauya maka manufa ba. Idan baduku ne kai, ka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi, ka ɗora jakar ko sirdin, ka ɗauki hotonsa gaba ɗaya, ka kuma matso har a ga sawun basilla da launin jima. Ka aika da sauran kwanaki kafin wa'adi, tun da wuta da intanet sukan ɗauke a garin nan ba sallama, kuma ba a karɓar uzuri bayan an rufe.

Da wuya ƙofa ɗaya ta ɗauke nauyin duka, sai an haɗa: wannan ya biya jirgi, wancan masauki, kai kuma ka cike da abin da ka sayar na aikinka, ko kwasar adashi, ko gudummawar wani attajirin unguwa da ka je wa ta hannun mai gidanka ko limami. Ka tuna mutanen Kilomita Biyar sun sha jarrabawa tun rikicin Disamba 2013, dukiyoyi sun salwanta, don haka ka roƙa da ladabi, ka nuna musu lissafi a rubuce. Ka nisanci bashin riba, ka kuma guji duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta waya domin ya samo maka gurbi ko biza, domin wannan zamba ce tsagwaronta.

In kuwa Allah Ya nufa ka samu, to ka riƙe shi a matsayin amana, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka adana rasit komai ƙanƙantarsa, ka rubuta rahoton da aka nema, ka komo kafin bizarka ta ƙare, saboda wanda ya maƙale a can ya toshe hanya ga ƙannensa da za su nema a bayansa. Idan ka dawo, ka tara yaran unguwa ka koya musu abin da ka gano, ka nuna musu yadda ake cika takardun. Allah Ya sa a tafi lafiya, a komo da albarka.