Darasi na 9: Ƙurajen gaba masu ɗurar ruwa da maganinsu

Manufar darasi: kowace mamba ta gane wannan ciwo, ta san maganin da ke yi masa aiki, ta kuma san abin yi idan tana da juna biyu.

Mene ne wannan ciwo?

'Yan uwa mata, a ƙauyukanmu na Ƙafin Maiyaki da kewaye duk abin da ya taɓa gaban mace sai mu ce ciwon sanyi ne. To sanyin kala-kala ne, kowane da maganinsa. Wanda za mu duba yau likitoci suna kiransa hapis. Yana farawa da ƙaiƙayi ko zugi a wuri ɗaya, sai ƙananan ƙuraje masu ɗurar ruwa su fito, su fashe, su zama gyambo mai raɗaɗi. Wata ko fitsari za ta yi sai ta ciji leɓe. Fitowar farko ta fi tsanani, takan zo da zazzaɓi da kaluluwa, tana iya kai mako biyu zuwa uku.

Ƙwayar cutar bairas ce ke kawo shi. Idan gyambon ya warke, ƙwayar tana komawa ta laɓe a jijiya. Ranar da jiki ya yi rauni, ko lokacin al'ada, ko an shiga damuwa, sai ta sake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 500 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da nau'in da ya fi kama gaba, kuma mata sun fi maza yawa. Saboda haka ba ke kaɗai ba ce.

Ana ɗaukarsa ta hanyar saduwa, ko da babu ƙurji a fili. Ba a ɗaukarsa a masai. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, don haka fitowarsa yau ba hujja ba ce ta zargin miji ko abokiyar zama.

Maganin da ke aiki

Ampiclox da Flagyl da sauran kafso da muke saya a kemis ko a kasuwa, bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairas. Sau da yawa mace ta sha su, gyambon ya bushe don lokacinsa ya yi, sai ta ɗauka maganin ne. Bayan wata biyu abin ya dawo, kuɗin adashi sun tafi.

Maganin hapis daban ne. Wanda aka fi samu, a jikin kwalinsa za ki ga an rubuta Acyclovir. Akwai Valacyclovir da Famciclovir, sun fi tsada. Aikinsu shi ne hana ƙwayar cutar hayayyafa. Suna rage raɗaɗi, gyambo ya warke da wuri. Amma ba sa fitar da ita daga jiki. Duk mai maganin da ya ce zai tuge miki shi har saiwa, kuɗinki yake so.

Hanya uku ake ba da shi, kuma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa miki:
1. Fitowar farko: yawanci miligiram 400 sau uku a rana, kwana bakwai zuwa goma.
2. Idan ya dawo: kwana biyar ko ƙasa da haka. A fara sha da zarar an ji zugin nan, cikin kwana ɗaya. Idan aka yi jinkiri amfaninsa kaɗan ne.
3. Mai yawan fitowa: ƙwaya sau biyu kullum na tsawon watanni, don rage dawowarsa.

Ki sha ruwa sosai, ki shanye maganin ko kin ji sauƙi. Mai ciwon ƙoda ta faɗa kafin a rubuta mata. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na shafawa bai kai na sha ba.

A gida ki zauna cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki tsane wurin, ki sha Panadol don raɗaɗi. Kada ki sa alif, man goge baki, ko maganin matsi a kan gyambo. A dakata da saduwa har ya warke sarai. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa, ko da yake bai hana gaba ɗaya.

Me ya sa sai an je asibiti?

Tunjere ma yana kawo gyambo a gaba, shi kuma allura ce maganinsa. Sannan gyambon hapis yana buɗe wa cutar ƙanjamau ƙofa, mai shi ta fi saurin kamuwa kusan ninki uku. Shi ya sa ake gwada jini. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Tudun Wada ko Tiga, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maigida ma ya je a duba shi.

Mai juna biyu

Nan ne babban haɗari. Jariri yana iya ɗauka wajen haihuwa, ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko ya yi ajalinsa, musamman idan uwa ta kamu karon farko a ƙarshen ciki. Ki faɗa a wurin awo, kunya ba ta kai ran ɗanki ba. Akan ba da maganin tun daga mako na 36. Idan naƙuda ta zo da gyambo a gaba, kada a haihu a gida, likita zai iya cewa a yi aiki. Jaririn da ya ƙi nono, ko ya yi zazzaɓi, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi asibiti a ranar. Mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe kada ta sumbaci jariri ranar barka ko suna, dangin ciwon ne.

Tambayoyin tattaunawa
1. Nawa mace ke kashewa a kan maganin sanyi a shekara ba tare da an duba ta ba?
2. Za mu amince asusun gaggawa ya ranta kuɗin mota da na magani ba tare da an tambayi sunan ciwon ba?
3. Yaya za a fara wannan magana da maigida?

Ga mai jagorantar zama: kada ki nemi kowa ta faɗi nata a gaban jama'a. Mai tambaya ta same ki bayan an rufe akwati, abin da ta faɗa kuma amana ne.