Shekarun Shiga Soja da na Shan Giya

Wani mai sauraro daga Birnin Gwari ya tambaya: gaskiya ne sojan Amurka mai shekara 18 ba ya iya sayen giya? Ya dace a daidaita shekarun?

Malam, haka ne. A farkon shekarun 1970, lokacin yaƙin Biyetnam, jihohin Amurka da dama sun rage shekarun shan giya zuwa 18, sai haɗarin mota ya ƙaru tsakanin matasa. Don haka a 1984 Shugaba Reagan ya sa hannu kan dokar da ta sa jihohi suka mayar da su 21.

A Nijeriya ma daga shekara 18 ake ɗaukar kuratan soja zuwa Defot na Zariya. Sai dai rage shekarun shan giya bai dace ba. Musulunci ya haramta giya, kuma mutanen Birnin Gwari sun ga ɓarnar da bindiga da ƙwaya suka yi a dajinsu. Iyaye, mu kula da matasanmu.