Kwamfuta ɗaya don aiki da gida: za a rage mini haraji?

Tambaya: Ina zanen katin biki a Barnawa, Kaduna. Kwamfutar da na saya, da rana aiki nake yi da ita, da dare yara su kalli fim. Zan iya cire kuɗinta daga harajina?

Amsa: Ɗan'uwa, za ka iya, amma ba duka ba. Doka kason sana'a kawai take dubawa. Fim ɗin yara ba ya ciki. Kuma da yake kwamfuta kadara ce mai daɗewa, ana rage kuɗinta ne kaɗan-kaɗan cikin shekaru.

Tunda kai ke cin gashin kanka, hukumar harajin jihar Kaduna, KADIRS, za ka kai wa bayanin kuɗin shigarka na bara, zuwa 31 ga Maris na kowace shekara. Adana rasit mai sunanka. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta awannin aiki, haka ma kuɗin data da na gyara. In rabi ne aikin, rabi za ka nema. Kada ka ƙara gishiri; ranar bincike takarda ce za ta yi magana.

Ka fara lissafa ribarka tukuna: daga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu.