Hayar Kwamfuta Ta Intanet: Darasi Ga Manyan Ma'aikatu

Ɗan kasuwar Suleja wanda bai gina sito nasa ba yakan kama haya, ya ajiye kayansa, ya riƙa biya wata-wata. Haka ma'aikata ko jami'a ke iya yi da ayyukanta na kwamfuta. Maimakon ta sayi manyan na'urori, ta tanadi janareto da masu gyara, sai ta yi hayar manhaja da ma'ajiya a wurin wani kamfani, ma'aikatanta su riƙa shiga ta intanet. Wannan shi ne abin da Turawa suka laƙaba wa sunan gajimare.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006 domin ya yi wa ma'aikatunta hidimar kwamfuta da sadarwa. A 2019 kuma hukumar NITDA ta fito da manufa, cewa ma'aikatu su fara duba hanyar haya kafin su sayi na'urori. Amfanin tattara aiki wuri guda a fili yake. Tun 2017 hukumar JAMB, wadda hedkwatarta ke Bwari kusa da Suleja, take gudanar da ɗaukar ɗalibai ta tsarin CAPS, watau yaro na iya duba gurbinsa ta intanet, ba sai ya shiga mota ba.

Amma jami'a ba kamar sauran ofisoshi take ba. An fara tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, a 2007. Da aka sa jami'o'i ciki, ƙungiyar ASUU ta koka cewa bai kula da malaman wucin gadi da masu zuwa koyarwa daga wata jami'a ba. Batun na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022. A Disamba 2023 Majalisar Zartaswa ta amince a cire jami'o'i daga tsarin.

Saboda haka, kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya, wajibi ne shugabanni su lura da abu huɗu. Na farko, a shawarci waɗanda za su yi aikin, a gwada a sashe ɗaya tukuna. Na biyu, a tabbata akwai wutar lantarki da intanet mai ƙarfi. Na uku, a kiyaye asirin ɗalibai da ma'aikata bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Na huɗu, a rubuta yadda za a karɓo bayanai in haya ta ƙare, domin sito na mai sito ne, amma kayan ciki amanar jama'a ce.

Rigakafi dai ya fi magani.